Masaukin Roka: Tarihin Gina Filayen Saukar Kumbo da Darasinsa ga Ƙasar Kabi



Gabatarwa

Wataƙila wani zai yi mamaki ya ce me ya haɗa malamin Hausa da zancen roka, balle a Birnin Kebbi. Abin da ya haɗa mu kalma ce guda, watau masauki. Daga aikatau "sauka" aka samo ta, kuma tun kafin zuwan mota Bahaushe ya san cewa tafiya ba ta cika sai an sami wurin da aka tanada domin karɓar matafiyi. A cikin wannan lacca zan bi tarihin yadda aka gina, aka kuma faɗaɗa, wuraren da kumbo da roka suke sauka bayan sun dawo daga sararin samaniya. Zan nuna cewa Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa, ta taɓa shiga cikin wannan tarihi. Abin da nake so mu riƙe shi ne, ƙarfin gini ba ya raya masauki idan hanya ta kauce masa, kuma masaukin da yake amfanar masu shi shi ne wanda aka faɗaɗa shi gwargwadon yawan masu sauka, aka kuma koyi aikin da ake yi a cikinsa.

Masauki a Tarihin Kabi

Bari mu fara daga gida. Cikin ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame da ganuwar dutse wadda har yau ana ganin ɓurɓushinta. Ƙarfin Kabi ya dogara ga gulbi da fadama, da kuma hanyoyin da suke ratsa su. A farkon ƙarni na 18 Kabawa suka bar Surame suka koma Birnin Kebbi. Cikin 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi, daga baya kuma sarautar Kabi ta zauna a Argungu. Ganuwar Surame ba ta rushe ba sa'ad da aka tashi daga cikinta. Mutane ne suka canja wuri, ginin ya zama kufai.

Haka nan fataken goro masu zuwa Gwanja cikin ƙarni na 19, da yawansu ta wannan yanki suke bi, su ci kasuwar Jega, sa'an nan su gangara su ƙetare Kwara. Madugu ba ya ɗaga ayari sai ya san zangon da za a kwana, da inda za a sami ruwa da ciyawar jakuna. A babban gari kuwa akwai mai masauki, ko fatoma, wanda yake ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an yi ciniki na bashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, goro ya koma biyo teku da dogo ta Ikko, zangunan da yawa suka mutu. Amma masu masaukin da suka ƙware a sana'arsu ba su mutu tare da zangunan ba, sai suka bi sabuwar hanya suka kafa gidajensu a Ikko da Badun da Kumasi. Mu riƙe wannan bambanci tsakanin wuri da gwaninta, domin za mu sake gamuwa da shi.

Kano da Farkon Zamanin Kumbo

A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Waɗannan su ne jiragen sama na farko da suka zo Nijeriya. Ba a gina musu kome ba, fili ne mai laushi da aka samu a shirye. Cikin 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja ta Kano, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu filin ya zama zango babba ga jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ana kai su Masar. Yawan masu sauka shi ya tilasta aka yi ta ƙara tsawon titi da yawan gine-gine.

Bayan samun mulkin kai, Kano ta shiga sha'anin kumbo kai tsaye. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana shirin aika mutum ya kewaya duniya a ƙarƙashin shirin da ta kira Mercury, kuma tana bukatar tashoshin rediyo a sassan duniya domin a riƙa jin muryarsa da lafiyar na'urorinsa yayin da yake wucewa. Aka kafa ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin masu saurarensa. Tashar Zanzibar an rufe ta bayan juyin mulkin 1964. Ta Kano kuwa ta yi aiki har zuwa shirin Gemini, wanda ya ƙare cikin 1966, daga nan bukatar Amurkawa ta koma wasu wurare, aka rufe ta.

Ya kamata a lura cewa kumbunan wancan zamani ba su da masauki ko kaɗan. Na Amurka a teku suke faɗawa da laima, jirgin ruwa ya tsamo su, na Rasha kuwa a kan tudu suke dira. Rokar da ta ɗaga su, wadda ta fi kome tsada, tana ƙonewa ko ta nutse a teku. Alal misali, kamar a ce duk wanda ya hau mota daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, idan ya isa sai ya jefa motar a gulbi. Wannan ɓarna ita ce ta sa aka fara tunanin abin hawa mai dawowa, kuma da zarar an yi wannan tunani, tilas a yi tunanin inda zai sauka.

Kumbo Mai Fiffike da Masaukinsa a Gambiya

Amsar farko ita ce kumbo mai fiffike, wanda yake tashi a tsaye kamar roka, ya sauka a kwance kamar jirgin sama. Na farkonsu, mai suna Columbia, ya tashi ranar 12 ga Afrilu 1981, ya sauka bayan kwana biyu a kan busasshen tafki a sansanin Edwards na jihar Kalifoniya. Wannan kumbo ba shi da injin da zai taimake shi wajen sauka. Lilo yake yi ya gangaro da gudun da ya wuce kilomita 300 a awa, idan ya kuskure titi ba shi da halin sake zagayowa. Saboda haka cikin shekarun 1970 aka gina masa titi na musamman a cibiyar Kennedy ta jihar Fulorida, mai tsawon mita 4,572 da faɗin mita 91, aka tsattsaga fuskar kankaren domin ruwan sama ya riƙa gudu. An fara sauka a kansa cikin Fabrairu 1984.

To, amma akwai wata matsala. Idan inji ya mutu bayan kumbo ya yi nisa a kan Tekun Atilantika, ba zai iya komawa Fulorida ba, ba zai kuma iya kaiwa falaki ba. Dole a sami masauki a wannan gaɓa tamu ta teku, wanda zai karɓe shi cikin abin da bai kai minti 40 ba daga tashinsa. Da farko filin jirgin saman Dakar aka zaɓa. Rashin kyawun yanayi a Dakar ma yana cikin dalilan da suka sa aka ɗage tashin Challenger cikin Janairu 1986, kafin tafiyar da ya tarwatse a cikinta ranar 28 ga watan, mutum bakwai suka halaka. Bayan wannan hatsari aka sake duba masaukan gaggawa, cikin 1987 aka zaɓi filin Yundum kusa da Banjul ta ƙasar Gambiya, mai titin mita 3,600, aka kuma gyara tsohon sansanin Ben Guerir a Maroko.

A Yundum NASA ta girka na'urorin da suke jagorantar kumbo da siginar rediyo har ya taɓa ƙasa, da fitilu masu ƙarfi, da kayan auna iska da gajimare. Duk lokacin da za a yi tashin da ya shafi wannan hanya, ma'aikata sukan zo daga Amurka kwanaki kafin ranar, su gwada kome, su zauna cikin shiri, sa'an nan su koma. A cikin tafiye-tafiye 135 da waɗannan kumbuna suka yi daga 1981 zuwa 2011, ko sau ɗaya ba a bukaci saukar gaggawa a ƙetaren teku ba. Daɗin daɗawa, da aka fara gina Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa cikin 1998, yawancin tafiye-tafiyen suka koma bin arewa maso gabas, ta kan Turai. Masaukan Sifen, daga baya da na Faransa, suka zama su ne a kan hanya. A farkon shekarun 2000 aka janye daga Yundum, Ben Guerir ma ya bi bayansa. Abin da ya sami zangunan Gwanja shi ne ya sami Yundum: hanya ta kauce.

Roka Mai Dawowa da Ƙafafunta

Kumbo mai fiffike bai rage tsada kamar yadda aka yi fata ba, domin gyaransa bayan kowace tafiya yana cin watanni da dubban ma'aikata. Kamfanin SpaceX, wanda Elon Musk ya kafa cikin 2002, sai ya ɗauki wata dabara. Rokarsa mai suna Falcon 9 hawa biyu ce. Hawan ƙasa, wanda zan kira gindin roka, ya wuce mita 40 a tsayi, yana ɗauke da injuna tara, kuma shi ne mafi tsada. Bayan kamar minti biyu da rabi da tashi, gindin yakan rabu da hawan sama. Maimakon a bar shi ya faɗa teku, sai ya juya kansa, ya kunna wasu daga cikin injunansa ya juyo baya, ya buɗe wasu ƙananan fikafikai masu kamar rariya ya riƙa tuƙa kansa da su a cikin iska, daga ƙarshe ya kunna inji ya rage gudu, ya miƙe ƙafafu huɗu ya dira a tsaye.

Wurin da aka zaɓa domin wannan sauka kufai ne. A Cape Canaveral ta Fulorida akwai dandamalin harba roka na 13, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1950 domin rokokin Atlas. An yi harbi na ƙarshe a can cikin 1978, aka rushe hasumiyarsa cikin 2005 saboda tsatsa ta cinye ta. Cikin Fabrairu 2015 rundunar sojan sama ta Amurka ta ba SpaceX hayar wurin, aka sa masa suna Masauki na Ɗaya.

Abin da aka gina ba shi da wani ƙawa. Da'irar kankare ce mai faɗin mita 86, kewaye da ita an daddaɓe ƙasa da tsakuwa, an sare itatuwan da suke kusa domin kada wutar inji ta kama su. Akwai bututun feshin ruwa da ake sarrafawa daga nesa, domin ba a barin mutum ko ɗaya a wurin lokacin sauka. Akwai kuma mazaunin ƙarfe inda na'urar ɗaga kaya take ɗora gindin bayan an tabbata babu sauran hatsari, a naɗe ƙafafunsa ko a cire su, a kwantar da shi a kan doguwar mota, a kai shi rumfar gyara. Kowane abu a wurin yana da aikin da yake yi.

Kafin a amince a bar roka ta nufo tudu, sai da aka gwada a kan wani faffaɗan jirgin ruwa marar matuƙi a tsakiyar teku. Cikin Janairu 2015 gindin ya daki jirgin ya fashe, domin man da ke motsa fikafikansa ya ƙare. Cikin Afrilu ya dira amma ya kife. Sai ranar 21 ga Disamba 2015 aka yi saukar farko lafiya a Masauki na Ɗaya, kamar minti goma bayan tashi. Wata guda kafin nan kamfanin Blue Origin ya saukar da tasa ƙaramar roka a jihar Tekzas, sai dai ita ba ta ɗauki kaya zuwa falaki ba.

Yadda Aka Faɗaɗa

A nan ne darasin yake. A tsarin farko da aka gabatar wa hukuma, an zana babban dandamali ɗaya da ƙanana huɗu na ko-ta-kwana. Da aka ga roka tana dira a tsakiyar da'ira ba ta kaucewa, ba a gina ƙananan ba. Dandamali na biyu kuwa ba a zuba kankarensa ba sai da aka kusa harba babbar roka Falcon Heavy, wadda take da gindi uku. Ranar 6 ga Fabrairu 2018 biyu daga cikinsu suka dira kusan a lokaci guda, kowanne a nasa dandamali. Cikin Oktoba na wannan shekara aka fara amfani da wani masaukin a sansanin Vandenberg na Kalifoniya, domin rokokin da suke tashi su nufi kudu.

Komawa tudu yana cin mai da yawa, saboda haka idan kaya sun yi nauyi, gindin ba ya iya juyowa. Shi ya sa aka ci gaba da jiragen ruwan, ana kai su ɗaruruwan kilomita cikin teku su jira. An yi saukar farko lafiya a kan jirgin ruwa ranar 8 ga Afrilu 2016. Wannan gindin shi ne aka gyara aka sake harbawa ranar 30 ga Maris 2017, watau karo na farko da aka maimaita amfani da gindin roka mai kai kaya falaki. Cikin 2025 wani gindi guda ya cika tafiya 30.

Ba a manta da tsaron rayuka ba. Roka mai dawowa takan fara auna teku ne, sai ta tabbata kome nata lafiya kana ta karkato zuwa dandamali. Ranar 5 ga Disamba 2018 famfon fikafikan wani gindi ya tsaya, ya shiga juyi, sai ya sauka a ruwa kusa da gaɓa, babu wanda ya ji rauni.

Har ila yau, masaukin da ya yi wannan suna bai dawwama ba. Cikin Agusta 2025 aka yi saukar ƙarshe a Masauki na Ɗaya, domin hukumar soja ta ba wasu kamfanoni wurin, ta kuma fi son kowane kamfani ya riƙa saukar da rokarsa kusa da inda ya harba ta. A Tekzas kuwa, ranar 13 ga Oktoba 2024, SpaceX ya cafke gindin babbar rokarsa Starship da hannuwan ƙarfe na hasumiyar da ta harba shi, ba tare da dandamali ko ƙafafu ba. Kankaren ya yi shekara goma ya gama aikinsa. Gwanintar da injiniyoyi suka samu a kansa ita ce ta bi su zuwa sababbin wurare, kamar yadda ta bi fatoma zuwa Kumasi.

Nijeriya ma tana da ɗan rabo a tarihin wannan wuri. Ranar 3 ga Yuni 2017 wata Falcon 9 ta ɗauki kaya zuwa Tashar Sararin Samaniya, cikinsu har da ƙaramin tauraron ɗan'adam NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi tare da wata cibiyar fasaha ta Japan. Gindin rokar da ta ɗauke shi a Masauki na Ɗaya ya sauka.

Abin da Ya Shafe Mu

Babu wanda yake shirin saukar da roka a fadamar Rima, kuma ba zan ba da shawarar a yi ba. Amma muna da namu masaukai. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, kuma a zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari aka gina babban filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa. Daga wannan fili ne jirgin farko na alhazan Nijeriya na 2024 ya tashi, ranar 15 ga Mayu. Wannan abin alfahari ne. Sai dai aikin hajji makonni ne a shekara, fitilu da motocin kashe gobara da na'urorin jagora kuwa suna cin kuɗi kowace rana, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Tambayar da ya kamata ma'aikacin da ke tsara kasafi ya yi ita ce, mene ne zai sauka a sauran watannin, me kuma zai ɗauka idan zai tashi. Muna da shinkafa, muna da albasar Aliero, muna da kifi. Sai an fara lissafa wanne daga cikinsu ne zai iya biyan kuɗin jirgi, kana a yi zancen ƙara rumfa ko ɗakin sanyi.

Argungu ta ba mu misalin gida. Bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yau cikin 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin domin ƙarfafa zumunci bayan doguwar gaba. Jama'a ne suka fara taruwa a Matan Fada, daga baya aka bi su da rumfuna da masaukan baƙi. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya. Amma da aka yi shekara goma ba a gudanar da shi ba, daga bayan na 2009 har zuwa 2020, gine-ginen ba su kawo baƙo ko ɗaya da kansu ba. Abin da ya ba da damar a farfaɗo da shi shi ne masunta da makaɗa da masu kula da ruwa, waɗanda ba su manta aikinsu ba.

Kammalawa

Ga ma'aikatan gwamnati, roƙona shi ne idan an kawo muku takardar gina wani babban wuri, ku nemi a nuna muku masu saukar kafin a nuna muku zanen ginin, ku kuma tabbata an ware kuɗin kula da shi na shekaru masu zuwa. Idan baƙo ne zai gina domin bukatarsa, kamar yadda aka yi a Kano da Yundum, ku sa sharaɗin horar da 'ya'yanmu a cikin yarjejeniyar, domin ranar da hanyarsa ta canja zai tafi da na'urorinsa. Ga ɗalibai kuma, har yanzu akwai dattawa a Kano da suka ga tashar kumbo da idanunsu, akwai jikokin fatake a Jega da suka san sunayen zanguna. Ku je ku ɗauki labarinsu, ku rubuta shi da Hausa tun suna raye.

 Allah Ya sa mu tashi lafiya, Ya kai kowa masaukinsa lafiya.